Garin da Ba Shi da Zango

Kwana uku kafin mu ga ƙasa Kawu Tanko ya daina cin abinci. Ni na fara lura, don ni ne mataimakin kuku a jirgin ruwan, ni ke zuba wa ma'aikata, kuma kwanonsa na dawo mini yadda na miƙa shi. Ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya samo mini aikin a Takoradi, tashar jiragen ruwa ta Gana, shi kuma aikinsa zuba wa injin mai a can ƙasan jirgi inda zafi ke dafa mutum. Mu biyu kaɗai ne 'yan Nima, unguwar zango ta birnin Ankara, sauran 'yan ƙabilar Fanti ne da Kuru, sai Turawa a sama. Jirgin na haya ne, irin wanda ba shi da hanya ɗaya, inda aka ce akwai kaya nan yake nufa. A wannan karon shinkafa za mu ɗauka a Saigon, babban birnin kudancin ƙasar Biyetnam. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin Gana ba, ni kuma ina jin kaina kamar na gama sanin duniya.

A sanina, garin bakin teku a bakin teku yake, kamar Ankara tamu ta Gana, inda jirgi kan tsaya daga nesa kwale-kwale su zo su kwashe kaya. Saigon ba haka take ba. Sai da wani ɗan ƙasar ya hau ya karɓi tuƙi, aka jira ruwa ya ciko, sannan muka shiga wani kogi mai launin koko, muka yi ta lanƙwasa tsakanin itatuwa da ke tsaye cikin ruwa tun hantsi. Rana ta koma hagu, ta dawo dama, har gabas ta ɓace mini. Da azahar ta yi na sauka wurin Kawu na tarar da shi yana rawar sanyi cikin wannan zafi, na tambaye shi ina zan fuskanta. Bai buɗe ido ba ya ce in kalli yamma, ai mun wuce Makka tun tuni. Na yi sallata ina kallon inda rana ke faɗuwa, raina bai kwanta da ita ba.

Washegari akawun wakilin kamfani ya zo da mota muka kai Kawu asibitin gwamnati. Dogon ɗaki ne mai tagogi da yawa, gadajen ƙarfe a jere, tabarma a kan kowanne maimakon katifa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jama'a. Kowane gado da mutanensa: wata na fifita, wata na wanke kwano, wani ya shimfiɗa a ƙarƙashin gadon yana barci, a tsakar gida kuma kurfoti ne birjik ana ta dafe-dafe. Na ɗauka ranar ziyara muka dace da ita. Wata nas siririya mai jin Faransanci ce ta warware mini. Faransancina na kasuwar Lome ne, na saye da sayarwa, amma ya ishe ni in gane abin da ban so in gane ba. Ta ce asibiti na ba da gado da likita da allura, amma wanka da ciyarwa da ɗaukar fo da juya majiyyaci, wannan na dangi ne. Likita kuma ya ce zazzaɓin hanji ne, ya kwana biyu a jikinsa, ba mai ɗaga shi daga gadon nan kafin wata guda, in ma ya kai. Jirginmu kuwa kwana shida zai yi ya tashi.

Nas ɗin ta buɗe littafinta ta tambaye ni wa zai zauna da shi. Na ce ta bar gurbin, zan kawo mata suna. Har ga Allah ban ji tsoro ba a lokacin. Ni ɗan zango ne. Na sauka a Kumasi, na sauka a Lome da Abijan da Dakar, kuma duk inda na je tambaya ɗaya ce: ina zango? A nuna maka, ka nemi maigida, ka ce kai baƙo ne daga wuri kaza, a ba ka ruwa da tabarma. In ciwo ya kama ka matan gidan su yi jinyarka, in ta Allah ta kasance a yi maka sutura. Haka mahaifina ya sauka a Nima daga Dogon Dutsi, kuma na taso ina ganin baƙi a zaurenmu waɗanda har suka tafi ban san abin da ya haɗa mu da su ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai birni mai girman wannan da Bahaushe bai riga ni zuwa ba. Da na faɗa wa kuku, wani Bafante mai ƙaton ciki, ya yi dariya har ya dafa tukunya, amma ya ce in gama karin safe in tafi, zai ji da sauran aikin.

Da gari ya waye na saka rigata ta Juma'a da hula, don in wani namu ya hango ni daga nesa ya san nasa ne. A bakin tashar akwai kekuna masu ƙafa uku, fasinja a gaba cikin kujera, mai tuƙi a bayansa. Na zaɓi wani mai fara'a. Na nuna masa fatar hannuna, na ce Afirka, na ɗaga hannaye kamar mai kabbara. Ya yi ta gyaɗa kai, duk abin da na faɗa ya amsa, har na ce a raina lallai wannan ya saba kai mutanenmu. Ya bi da ni manyan tituna, muka wuce wata jar coci da gidan waya mai kama da fadar gwamna. Bishiyoyin da ke bakin titin kuwa tsamiya ce, jere da jere. Na miƙa hannu na tsinko ganye na sansana, nan take na ji ina son gida.

Daga nan muka ɗauki wata doguwar hanya har rubutun shaguna ya sake kama, fuskoki ma suka sake. Daga baya na ji wurin shi ne Colon, garin 'yan Sin da ya haɗe da Saigon. Ya tsayar da ni a ƙofar wani gida mai jan labule, 'yan mata na leƙowa daga bene suna dariya. Ina ƙoƙarin nuna masa ba wannan nake nufi ba, ya zare gwangwanin sigarin da na ɗauko don in gaida maigidan zango, ya taka kekensa ya shige cikin jama'a. Ni da nake koya wa baƙin Nima yadda ake kauce wa 'yan damfarar tashar lori, ga ni tsaye da babbar riga an yi mini wayo da rana tsaka.

Sai ruwa ya sauko. A Ankara hadari kan yi sallama, a ga duhu, a ji iska, mata su kwashe shanya. A can kuwa damina ta saba zuwa bayan azahar kusan kullum, kowa ya san lokacinta ban da ni. Ina waigawa na ga masu talla sun riga sun rufe kayansu sun raɓe ƙarƙashin rumfuna, ni kaɗai ne a tsakiyar titi. Na faɗa wani lungu don in fake, lungun ya kai ni wani, wannan ma ya rabu biyu. Ina alfahari da sanin lungunan Nima, amma waɗannan sun fi ƙarfina. Ruwa kuma ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. In kogi ya ciko, kwata takan juyo da ruwanta baya, sai ka ga yana ɓulɓulowa daga ƙasa. Kafin in ankara ya kai mini ƙwauri, rigar ta yi nauyi tana ja na.

Na fito da takardar da akawu ya rubuta mini sunan titin asibiti ina nuna wa mutane, kowa ya duba ya girgiza kai. Ashe Faransawa ba su daɗe da barin ƙasar ba, an sake wa tituna suna, akawu ya rubuta sabon, mutanen lungu kuwa tsohon suka sani. Wani mai raba wasiƙu ne ya cece ni. Yana tura kekensa cikin ruwa, jakarsa a kansa, ya karɓi takardar ya duba, ya yi mini alama in bi shi. Ya fitar da ni har bakin babban titi, ya tsaya tare da ni sai da bas ta zo, ya yi wa kwandasta magana, sannan ya koma cikin ruwansa. Ko hannu ban samu na ba shi ba.

Na isa asibiti da la'asar sakaliya, a jiƙe sharkaf, ba zango ba labarinsa. Sai dai na adana wa Kawu burodi da soyayyen kifi daga jirgi a cikin takardar mai. Ina miƙa masa, sai na ji an buge mini hannu. Wata tsohuwa ce 'yar firit, mai jinyar mijinta a gadon da ke kusa, ta miƙe tana zazzaga mini faɗa da harshensu. Maganarsu hawa da sauka ce kamar tamu, har kunne kan yi zaton zai gane, amma ko kalma ɗaya ban kama ba. Raina ya ɓaci, na kira nas. Nas ta goyi bayan tsohuwar, ta ce hanjin Kawu ya yi laushi, abu mai tauri zai iya huda shi, kuma tun safe wannan tsohuwa ce ke ba shi kunun shinkafa da cokali, ita ta goge masa jiki da zazzaɓi ya tashi. Maimakon in gode, abin da ya faɗo mini shi ne a wace tukunya aka dafa, don na ga abin da ake yanka a tsakar gida. Ina cikin wannan sai tsohuwar ta juya ta tofar da yawu cikin wani gwangwani. Ja wur. Na dubi bakinta, leɓɓanta ja, haƙoranta sun rine.

Na ce a raina goro. Daɗi ya kama ni har na manta da jiƙar da na yi. Duk wanda ya taso a zango ya san wa ke kai goro gari. Kakannina da shi suka san hanyar Gwanja, kuma ban taɓa ganin kasuwar da ake sayar da shi ba tare da Bahaushe a zaune bayan huhu ba. In tsofaffin garin nan na cin goro, to akwai mai kawo musu, in kuwa akwai mai kawowa akwai inda yake sauka. Na nuna bakinta, na nuna nawa, na yi alamar tambaya. Ta daina faɗan ta dube ni kamar mai taɓin hankali, sannan ta faɗa wa nas sunan kasuwa, nas ta rubuta mini.

Kashegari na sami kasuwar ba wuya, babba ce mai agogo a saman ƙofa. Da farko hancina ya yaudare ni. Na ji ƙamshin nama a wuta na ce ga masu tsire, na bi shi da sauri, na tarar da abin da ya sa na juya ina istigfari. Daga nan na sa ido a ƙasa, ina bin jan yawu a kan siminti kamar mai neman allurar da ta faɗi, har ya kai ni wani layi na mata masu malfa. A gabansu ganyaye ne kore an jera su tsaf, da wasu 'ya'yan itace ƙanana, da farar ƙasa a kwaɓe cikin ɗan kasko. Ba huhu, ba goro fari ba ja. Na nuna bakin ɗayarsu, sai ta ɗauki ganye ta shafa farar ƙasar, ta sa yankin ɗan itacen ta naɗe ta miƙo mini. Na tauna. Bakina ya ɗauki zafi, gumi ya karyo mini, kasuwar ta fara juyawa, na nemi wuri na zauna a kan wani kwando. Na tofar, ga shi ja wur kamar na tsohuwa. Matan suka yi ta dariya har da tafa hannu, ni kuwa a nan ne tsoro ya fara shiga ta da gaske. Kwana biyu sun tafi, saura huɗu, kuma na fara yarda cewa kuku ne mai gaskiya.

Wadda ta ba ni ganyen ta lura da carbin da ke hannuna, ta ƙwala wa wani kira. Wani Ba'indiye ne ya zo sayen ganye, da farar hula a kansa. Ya dube ni ya ce assalamu alaikum. Ban san lokacin da na kama hannunsa da hannu biyu ba.

Ya kai ni masallacinsu, ba nisa da manyan otal-otal na tsakiyar gari. Fari ne tas, da tafkin alwala na siminti a gefe, da inuwa mai sanyi. Na bi jam'in azahar, kafaɗata na gogar ta mutane, liman ya yi kabbara irin tamu. Hawaye ya zubo mini a sujada, ban hana shi ba. Bayan an sallame aka kai ni wurin wani dattijo mai shagon yadi wanda ke jin Turanci. Ya saurare ni har na gama. Ya ce baƙaƙen sojoji daga wajenmu sun yi yawa a garin lokacin yaƙin Faransawa, wasunsu a nan suke salla, amma an kwashe su a jirage tare da iyayengidansu, bai san ko ɗaya da ya rage ba, kuma ba su taɓa yin unguwa ba. Na yi masa bayanin maigida da yadda muke yi. Ya ce al'ada ce mai kyau, sai dai su matansu ba sa fita jinyar namijin da ba muharraminsu ba, mazan kuma suna shago tun safe. Abin da zai iya shi ne ya riƙa aika abinci asibiti. In kuma Allah ya karɓi abinsa, ya ɗauki alkawari za su yi masa wanka da likkafani, su kai shi maƙabartar Musulmi. Na yi masa godiya sosai, don abin godiya ne. Amma ina tafe ina cewa a raina mai jinya na fito nema, ga shi kabari na samo wa Kawu.

Kwana biyun da suka biyo baya a asibiti na yi su. Na ga tsohuwar ta sayo wata sabuwar 'yar tukunyar ƙasa, a cikinta kaɗai take dafa kunun Kawu, shinkafa da gishiri da ɗan citta, ba ta haɗa ta da sauran kayanta. Nas ce ta gaya mata abin da ba ma ci. Kunya ta kama ni. Ana kiranta Ba Nam, wai mutanen kudu da lambar haihuwa suke kiran juna a gida, Kawu kuwa Mame yake ce mata, kamar yadda muke kiran matan kasuwar Ankara. Shi yana mata Hausa, ita tana masa yarensu, kuma in ya ƙi buɗe baki ta daka masa tsawa ya buɗe. Na koyi juya shi, na koyi ɗaukar fo ba tare da na ɓata fuska ba. Na kuma yanke shawara: jirgi ya tafi, ni ina nan.

Ran kwana na huɗu zazzaɓin ya ɗan sauka, hankalinsa ya dawo, na faɗa masa.

"Isufu, kai ba ka da hankali kuraa, ko kaɗan," in ji shi. "Ni kamfani ya ajiye ni, dole shi mai da ni gida. Kai in ka gudu ma jirgi, wa ya san ka? Ba takarda, ba aiki."

Na ce, "Kawu, in na koma ba kai, me zan ce wa Iya?"

"Ka ce mata ni na kore ka. Gida biyu ke ci a hannunmu a Nima. Kana so duka biyu su zauna da yunwa don ka riƙe mini fo?"

Na ce ba inda za ni. Ya ce tun ina tsumma yake ɗauka ta, ban taɓa yi masa musu ba, kada in fara yau da yake kwance. Ya juya fuska bango. Na san gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa da ya faɗe ta.

Ran kwana na biyar na shigo na tarar Ba Nam tana naɗe tabarma. An sallami mijinta, ɗan kwale-kwale ne da ya ji rauni a ƙafa, za su koma gidansu can ƙetaren kogi. Ita kaɗai ce ɗan abin da nake riƙe da shi a raina, ga shi ita ma za ta tafi. Na tsaya ina kallonta tana ɗaure kayanta. Da ta gama, sai ta ɗauki 'yar tukunyar Kawu da cokalinsa da tsumman da take goge masa jiki, ta tsallaka wurin wata mata mai matsakaicin shekaru da ke jinyar mahaifinta a gadon da ke fuskantar namu. Ta dire mata su a gaba. Ta yi ta magana tana nuna Kawu, tana nuna ciki, tana ƙirga lokutan abinci da yatsu. Can sai ta yi gurnanin alade da hancinta, ta nuna tukunyar, ta kaɗa yatsa da ƙarfi. Matar ta gyaɗa kai ta karɓa, ta ajiye kusa da nata kayan, kamar an ba ta ajiyar tsintsiya. Ba Nam ta dawo ta dafa goshin Kawu, ta yi mini wani guntun faɗan na sallama, ta kama mijinta suka fita.

Na nemi nas na tambaye ta me na gani. Ta ce tun da aka raba ƙasarsu biyu mutane suka yi ta gangarowa daga arewa a jirage, da yawa ba su da kowa a nan, ita ma haka ta zo. To a ɗakin nan, wanda ba shi da dangi, kwanonsa kan bi gado-gado. In mai riƙe da shi za ta tafi, ba ta fita sai ta damƙa wa wata. Ba doka ba ce, ba kuma a biya. Na ce to me ya hana ta gaya mini tun ranar farko?

"Kai ka ce in bar gurbin, za ka kawo suna," in ji ta.

Ta buɗe littafin a gabana, a inda ta bari ta rubuta lambar gadon matar nan. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, ba duka ba, amma ya isa in iya numfashi. Na zauna ina kallo har matar ta dafa kunun la'asar ta zo ta ɗaga kan Kawu da hannu ɗaya ta ba shi, ko kallona ba ta yi ba.

Da safen kwana na shida na je sallama. Kawu ya ba ni mabuɗin akwatinsa da ke jirgi, ya ce in tafi masa da shi gida, kada in bari 'yan injin su taɓa. Na roƙi gafararsa, ya ce in tafi ruwa ba ya jiran mutum. Da hantsi kogi ya ciko muka kwance. Na tsaya a bayan jirgi ina kallon rufin garin yana ɓacewa bayan itatuwa yana sake fitowa, saboda lanƙwasar kogin, har ya ɓace gaba ɗaya. Na san na bar shi a hannu, amma duk da haka ji nake na yi abin da ɗan halak ba ya yi.

Tafiyar da aka ce ta wata biyu sai da ta ci biyar da ɗoriya. Muka sauke shinkafar a wani tsibiri, injin ya lalace, muka zauna a wata tasha muna jiran ƙarfen da za a aiko daga Turai, da ya zo kuma aka sake mana hanya. Wasiƙa ba ta san inda za ta same mu ba. Na tambayi kyaftin sau biyu, ya ce bai ji komai ba. Akwatin Kawu na ƙarƙashin gadona, kullum ina shure shi in zan sauko. Wata rana in tuna matar nan da cokali in ji sanyi, wata rana kuma maganar dattijon mai yadi ce ke dawo mini, wanka da likkafani.

Muka sauka a Takoradi, na hau lori zuwa Ankara, na sauka a bakin titin Nima da akwati biyu, nawa a hannu, na Kawu a ka. Kowa a zango ya san ma'anar akwatin matafiyi ya shigo unguwa ba mai shi. Na yi ta tsara maganar da zan yi wa Iya, in fara da cewa da ransa na bar shi, ko in fara da cewa shi ya kore ni, ko wanne na gwada sai in ji ba ya fita. Mutane kuwa sai gaishe ni suke da fara'a. Mai sayar da wake da shinkafa ta bakin lungunmu har da tsokana, wai teku ta cinye mini kumatu. Tela ya ɗago daga kan kekensa ya dubi akwatin, sunan Kawu a rubuce da farin fenti, ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinki. Na ce a raina mutanen Nima sun lalace, ko tambaya babu.

Na yi sallama na shiga gida. A gindin bango, kan ɗan benci, wanzami na yi wa wani ramammen mutum aski, an gama rabin kai saura rabi. Mutumin ya ɗago.

"Sauke mini akwati a hankali," in ji Kawu Tanko. "Sati uku ina jiran kayana. Wane irin jirgi ne wannan naku?"

Daga baya na ji sauran. Sati shida ya yi a gadon nan, tukunyar ta bi hannun mata huɗu bayan Ba Nam, dattijon mai yadi bai fasa aiko da abinci ba ko rana ɗaya, da ya miƙe kuma kamfani ya sa shi a jirgin fasinja zuwa Faransa, daga can aka sako shi a wani mai gangarowa. Amma a lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ina tsaye ne kawai da akwati a ka.

Iya ce ta taso daga bakin murhu ta kama akwatin ta taya ni saukewa. Ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ya gaya mini shi ne ya kore ka. Zauna ka sha ruwa."

Na zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, a gaban matan gida da wanzami da kowa, na yi kukan da na riƙe wata biyar. Kawu kuwa, da rabin askinsa, ya tsuguna yana shafa murfin akwatin yana faɗa wai na lotsa masa shi.